Ɗarin da Muka Saya wa Inabin Madam

Lokacin da na fara aiki a gidan Bafaranshiyar nan, mun riga mun daɗe a Jidda har na daina ce wa mutane baɗi za mu koma gida. Daga Damagaram muka taso ni da maigidana, muka bi ta Sudan, da niyyar mu sauke farali mu juya. Hajji kam mun yi, juyawar ce ta gagara. Ya samu aikin dako a bakin teku, muka kama ɗaki a unguwar Sa'alaba, a nan na haifi 'yata, ita kaɗai kuma Allah ya bar mini. Ba zan faɗi sunanta ba, 'yar fari ce, ko a gida "yarinyar nan" nake ce mata.

Faransancin kicin nake da shi. Mahaifina kuku ne a barikin Damagaram, tun ina ƙarama na tsinci sunan albasa da gishiri da "zo nan" da "yi sauri". Wannan ɗan abin ne ya ba ni aikin, don ana neman mai girki da za ta fahimci matar wani injiniya mai aiki a tashar jiragen ruwa. Gidan yana bayan unguwar Ammariyya, da hoshi babba, wato tsakar gida mai katanga, babu komai a cikinta sai yashi da igiyar shanya. Ina ce mata Madam, tana ce mini Hajiya. Doguwa ce siririya, ba ta da yawan magana, amma hannuwanta ba na matan masu kuɗi ba ne, da gani sun san aiki.

Wata shekara suka je hutu ƙasarsu. Da suka dawo, ina taya ta kwance akwati, sai na ci karo da wani jiƙaƙƙen tawul a naɗe tsakanin rigunanta. Na warware, na ga wasu 'yan itatuwa, tsawonsu bai fi na asuwaki ba. Wallahi asuwakin na ɗauka, har na ce a raina ashe su ma sun san daɗinsa. Ta karɓe daga hannuna da sauri kamar na ɗauki jaririnta ta ƙafa. Ta ce rassan inabi ne daga gonar babanta, shukawa za mu yi.

Na yi dariya. Na ce ga inabin Ɗa'ifa nan a kasuwa, manya-manya, arha, me za a yi da wahala? Ta ce ba irinsa ba ne. Nasu sunansa fino nuwar, ƙanana ne baƙaƙe, fatarsu siririya, ga tsirfa, zafi kaɗan su lalace, ruwa kaɗan su ruɓe. Da shi ne danginta suke yin jar giyar da ake ji da ita a duk ƙasarsu, tun kakannin kakanninta.

Da na ji kalmar giya na ja da baya, na yi a'uzubillahi a fili. Ranar ban ko share hoshin ba. Da na koma gida na gaya wa maigida cewa ni dai ba zan ba bishiyar giya ruwa da hannuna ba, a ƙasa mai tsarki ma. Yana cin tuwo, bai ko ɗago kai ba. Ya ce da dawa ake yin burkutu, ga shi kuma tuwon dawa ne a gabansa, ni ce ma na tuƙa. Inabi ɗan itace ne halal, abin da wasu suke yi da shi can tsakaninsu da Ubangijinsu. Haushi ya kama ni don ya fi ni gaskiya, washegari na je muka shuka.

A wajen shukar ne bakinta ya buɗe. Ta ce gonar ba ta da girma, da ta kwatanta mini sai na ga ba ta fi gayaunar mace ba a wajenmu. Tana tsakiyar wani tudu, an kewaye ta da katangar dutse, rana tana fara sauka a kanta da safe. A ƙasarsu wai gonakin inabi hawa-hawa ne, tun zamanin da dattawa suka tantance wacce ta fi wacce, tasu kuma tana cikin 'yan kaɗan ɗin da ke can sama. Ta ba ni labarin ranar tsinka, yadda dangi da maƙwabta suke taruwa da kwanduna, da ɗakin ƙarƙashin ƙasa mai sanyi inda gangunan katako suke kwance a jere, da yadda babanta yake ajiye kwalabe na shekarar da aka haifi kowane ɗa nasa, ba a taɓawa sai ranar aurensa. Mutane daga ƙasashe masu nisa suna zuwa har ƙofar gidansu suna roƙo a sayar musu, tsohon kuma in bai ga dama ba ya ce babu.

Ni ban taɓa shan abin nan ba, ba kuma zan sha ba, Allah ya tsare ni. A Jidda ma an hana, ko kwalba ɗaya babu a gidan. Abin da take da shi kawai wani toshin kwalba ne, gindinsa ya rine ja, tana ajiye shi cikin gwangwanin zare da allura. In ta zaci ba na kallo sai ta ɗauko ta kai hanci, ta rufe ido. Ban taɓa yi mata dariyar wannan ba. Ni ma ina da ludayin innata a ƙasan adaka, wanda ta ba ni ranar da za mu taso, har lokacin in na shinshina shi ina jin fura da nono da hayaƙin ɗakinta.

Ba a daɗe ba saƙo ya zo cewa babanta ya rasu. Kafin ta samu jirgi an riga an binne shi, sai ta fasa tafiyar. Na yi mata ta'aziyya irin tamu, na zauna kusa da ita a ƙasa. Can ta ce gonar ta yi ƙanƙanta, ba ta rabuwa, wanta ne zai riƙe. In ta koma nan gaba, baƙuwa ce. Rassan nan kuwa da hannunsa tsohon ya yanka mata. Ta nuna gindin katanga, inda guda ɗaya tak ya kama cikin duk waɗanda muka shuka, ta ce, "Hajiya, gadona ke nan. So nake in ɗanɗana gidanmu ko sau ɗaya a nan."

Daga ranar na ɗauki itacen nan kamar baƙon da aka ba ni amana. Mu kuwa in baƙo ya sauka, ba ma barinsa da yunwa ko ƙishi. Na riƙa kwaso takin awaki daga Sa'alaba a cikin buhu, ina shiga mota da shi mutane suna toshe hanci, ko a jikina. Ruwan rijiyar gidan da gishiri-gishiri, na ce ba zai sha ba, sai ruwan daɗi na mai ga-ruwa. Na kafa masa rumfa, na shimfiɗa tsohuwar tabarma a sama don ranar azahar. Madam tana gani, ba ta hana ni ba, don ita ma ba ta san yadda ake renon inabi a wuta irin ta Jidda ba. Itace kuwa ya ji daɗi, ya miƙe, ya hau rumfa, ya baza ganye kowanne kamar tafin hannu. Shekara ta zagayo, wata ta sake zagayowa, ko fure ɗaya babu.

A can gida kuma ina da tawa damuwar. Yarinyar nan ta shiga makaranta, Larabci ya cika mata baki. Tana jin Hausa sarai, amma in na yi mata magana sai ta mayar mini da Larabci, "halas" da "yalla" kamar a bakinta aka ƙera su. In na yi miyar kuka sai ta taɓe baki, ta fi son wake da gurasar da ake sayarwa a bakin titi. Abin da ya fi ci mini rai shi ne kiran da take yi mini. Tun tana ƙarama Inna take cewa, rana ɗaya ta dawo daga makaranta ta koma Ummi, kamar yadda ƙawayenta suke kiran iyayensu. Na ce ba a gidana ba. Na rantse ba zan amsa ba sai ta ce Inna. Sai ta tsaya a bakin ƙofa ta yi ta kira, ni kuwa in ci gaba da tankaɗe kamar babu kowa, har ta gaji ta faɗi wanda nake so, a gajarce, kamar an fizgo shi daga bakinta. Maigida ya ce in ƙyale yarinya, na ce ya ƙyale ni.

Ina da dalilina. Duk shekara in alhazan Damagaram suka sauka, sai wani ya nemo mu da saƙon innata, da ɗan ƙullin daddawa ko kuka, saƙon kuma ɗaya ne kullum: in kawo mata jikarta ta gani kafin ta mutu. Ni kuwa ina jin kunyar in kai mata yarinyar da ba za ta iya durƙusawa ta gaishe ta da harshenta ba. Ban gaya wa kowa ba, amma a zuciyata na ɗaura maganar 'yata a jikin itacen Madam. Na ce in wannan abin da aka ɗauko daga wata duniya ya haihu a yashin Jidda, 'ya'yansa kuma suka fito da ɗanɗanon gidansu, to ni ma tawa za ta fito 'yar Damagaram. Hauka ne, na sani, amma haka na sa a raina.

Wata safiya na tarar da Madam tsaye gaban rumfar, ta riƙe ƙugu. Ta ce ta gano abin da ke damunsa: ba ya barci. A ƙasarsu in ɗari ya shigo ganye yakan zube duka, ƙanƙara ta rufe ƙasa, itacen ya tsaya kamar matacce wata da watanni. A lokacin ne ake datse shi, a ƙone rassan a gona. In ɗumi ya dawo sai ya farka ya yi fure. Nan kuwa kullum zafi, kullum ruwa, kullum abinci, bai san wane lokaci ake ciki ba, sai ganye kawai yake yi. Ta ce ƙasar gonarsu ma duk tsakuwa ce, babanta bai yarda a shagwaɓa inabi ba. Don haka tunda Jidda ba ta da ɗari, mu za mu yi masa.

Muka jira watannin da zafin garin yake ɗan lafawa. Ta ce a daina ba shi ruwa, na daure. Ta ce mu tsinke ganyen duka da hannu, na yi ina ƙunƙuni. Ranar da ta fito da almakashin lambu ta fara datse rassan da na yi shekaru ina reno, a nan muka yi faɗa. Faransancina ya ƙare, na koma Hausa, na ce wannan zalunci ne, a garinmu wanda ya yi wa baƙo haka ko gaisuwarsa ba a amsawa. Ba ta ji ko kalma ɗaya ba amma ta gane. Ta dube ni, idonta ya yi ja, ta ce haka babanta yake yi. Da ta gama, abin da ya rage bai fi sandar makiyayi ba.

Sai kuma maganar ƙanƙara. Ta cikin tallajar gidan, wato firij, ba ta isa komai ba, don haka kullum da safe nake tare wani Bayamane mai amalanken jaki in sayi ƙatuwar sandar ƙanƙara. Mu farfasa, mu zuba cikin gwangwanaye mu jera su kewaye da gindin itacen, don sanyin ya shiga ruwan kuma kada ya taɓa ƙasa, sannan mu lulluɓe da buhunan algarara. Kafin azahar ta narke, in kwashe ruwan in yi wanke-wanke da shi. Da Bayamanen ya ga abin ya yi yawa, ya tambaye ni ko biki ake yi a gidan kullum. Na gaya masa gaskiya. Ya dube ni ya ce Allah ya ba Nasara lafiya, ni ma ya ba ni. Mijin Madam kuwa in ya fito zai tafi aiki sai ya ɗaga wa datsattsen itacen hula, ya tambaye shi ko ya yi barci lafiya. Labari ya kai Sa'alaba, mata suka sa ni gaba a wajen ɗiban ruwa, wai ni ce mai shayar da icce ƙanƙara alhali ko 'yata ban taɓa saya wa ba. Na ce su ji da nasu.

Ban san ko ƙanƙarar ce ta yi aiki ba, ko yunwar da ƙishin, ko datsewar. Allah ne ya sani. Da muka janye buhuna muka ba shi ruwa, kwanaki suka wuce babu motsi, har na ce shi ke nan mun kashe gadon baiwar Allah. Sai ga wasu 'yan idanu sun kumbura a jikin sandar, sun fashe, ganye ya leƙo. Bayansu ga wasu 'yan abubuwa kore tsit-tsit waɗanda ni ban ma san fure ba ne sai da Madam ta durƙusa ta kai hanci. Ta kira ni, na durƙusa ni ma. Ƙamshi ne siriri, in ba ka matsa ba ba za ka ji ba.

Nono uku ya yi, wato gungun 'ya'ya uku, 'yan ƙanana, 'ya'yan a matse da juna. Tsuntsaye suka gano, na yanka tsohon gidan sauro na ɗinka wa kowanne jaka. Zafi ya dawo da ƙarfinsa, 'ya'yan suka juya daga kore zuwa ja zuwa baƙi cikin ɗan lokaci. Ni murna nake, amma na lura Madam ba ta sake ba. Ta ce ya yi sauri, a gida a hankali yake nuna, dare da sanyi, rana da ɗumi. Na ce ta daina neman magana, Allah ya ba mu.

Da safe muka tsinka, kafin rana ta yi ƙarfi. Ta yanke nono ɗaya, ba ta ko wanke ba, ta cire ƙwaya ta ba ni, ta cire ta kai bakinta. Ni dai na ji zaƙi, har da ɗan ɗaci a fatar. Ba inabin nake kallo ba, fuskarta nake kallo. Ta rufe ido yadda take yi da toshin kwalbar nan, ta daɗe tana taunawa, ta tofa ƙwallon a tafin hannunta ta dube shi.

"Da zaƙi, Hajiya," in ji ta. Sannan ta ce, "Amma ba namu ba ne."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce kamar yaya ba naku ba, ba babanki ne ya yanko shi ba? Ba ni na kwance tawul ɗin ba? Na lissafa mata takin da na ɗauko, da bayana da ya kusa karyewa wajen ƙanƙara, da dariyar da aka yi mini. Ta bar ni na gama. Ta ce ko a tudunsu, gonar da ke bayan katangarsu irin inabi ɗaya suke shukawa, rana ɗaya, ruwan sama ɗaya, amma babanta ido rufe zai gaya maka wanne ne na wa. Ƙasar da saiwa ta shiga ita ake ji a baki. Ta sani tun farko, in ji ta, so ne kawai ya sa ta yi kamar ba ta sani ba.

"Itacen na babana ne," ta ce, "'ya'yan na Jidda ne."

Na zaci za ta zubar. Sai ta sake cire ƙwaya ta ci, ta sake cirewa. Ta ce ba shi da laifi, ya yi iyakar abin da zai iya da ƙasar da ya samu kansa. A nan ne hawaye suka zubo mata, tana ci tana sharewa da bayan hannu. Ni ma na yi nawa, ita tana zaton don ita nake yi. Ta naɗe nono ɗaya a hankici ta ce in kai wa yarinyata.

Ran nan da ƙafa na tafi gida, ban nemi mota ba, duk nisan nan da zafin nan. Ina tafe ina ganin ƙofar gidanmu ta Damagaram, da innata zaune a kan turmi tana jiran wadda ba za ta zo yadda take zato ba. Na ji kewar gida ta danne ni yadda ba ta taɓa yi ba tun da muka taso. Da na shigo lungunmu, yarinyar nan tana zaune a bakin ƙofa da littafinta. Ta hango ni ta miƙe, bakinta ya riga ta, ta ce, "Ummi." Sai ta kama kanta, ta sunkuyar da kai, tana shirin gyarawa.

Na ce, "Na'am."

Ta ɗago ta dube ni kamar ba ta ji daidai ba. Na miƙa mata hankicin. Ta buɗe, ta ci, ta ce da Larabci yana da daɗi, ta tambaye ni daga ina. Na ce na nan garin ne.

Kafin shekara ta zagayo aikin mijin Madam ya ƙare, suka tafi. Ranar sallama ta yanko mini reshe ɗaya ta naɗe a jiƙaƙƙen tawul. Na shuka shi a tsakar gidanmu kusa da wurin wanke-wanke. Ban taɓa saya masa ƙanƙara ba, ban taɓa hana shi ruwa ba, shi ma bai taɓa ba ni ko ƙwaya ɗaya ba. Inuwa yake ba mu, da ganye. Da yarinyar nan ta girma ta koyi naɗe shinkafa da nama a ganyen inabi wajen wata maƙwabciya, daga jikinsa take tsinka. Wani lokaci ina ci sai in tuna masu zuwa daga ƙasashe masu nisa suna roƙo a ƙofar tsohon nan, in yi dariya ni kaɗai.

Hajjin da ya biyo bayan tafiyar Madam na yanke shawara zan kai yarinyar nan gida yadda take, da Larabcinta da komai, innata ta gan ta. Na fita neman alhazan garinmu don in ba da saƙon muna tafe. Wanda na samu ya sauke kai, ya yi mini gaisuwa, ya ce ai innata ta rasu tun farkon damina. Ya zaro ƙullin daddawa daga jakarsa, ya ce ta riga ta ɗaure shi da hannunta kafin ciwon ya kwantar da ita, ta ce a kai wa jikarta.